Inin na tara a Fayetteville: da an ciro Kopps ko a bar shi?

Ɗan Fayetteville: Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare na sake kallon wasan besbol na Arkansas da NC State na 2021, na ukun nan na supa rijinal, kuma wallahi har yanzu ina kan bakana, Dave Van Horn, kocin Arkansas, bai yi kuskure ba da ya mayar da mai jifa Kevin Kopps fili a inin na tara, wato zagayen ƙarshe na wasan. Ina filin Baum-Walker ranar, can bayan hagu wajen ciyawa, na ga lokacin da yaron ya fito daga benci yana tafiya a hankali zuwa tudun jifa, kaf filin muka miƙe tsaye, ban ji mutum ɗaya da ya ce a ciro shi ba. Ci 2 da 2 ake. Sai da Jose Torres na NC State ya ɗaga ƙwallon nan ta haye katanga suka wuce gaba sannan kowa ya zama koci. Jifa 118 ya yi ranar. To ku faɗa min tsakani da Allah, wa za a ba ƙwallon in ba shi ba?

Baffan Omaha: Wa alaikumus salam ɗana. Ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Amma ka fara tambayar daga ƙarshe, inin na tara ai sakamako ne. Tambayar ita ce me ya sa ƙungiyar da ke lamba ɗaya a duk Amurka, wadda ba ta faɗi jerin wasannin ƙarshen mako ko sau ɗaya ba a shekarar, ta zo ranar da ta fi kowace rana muhimmanci ba ta da wanda zai fara mata sai mai rufewarta.

Sabon Shiga: Yayyena ku yi haƙuri da ni, bana na fara bin besbol ɗin jami'o'i. Mai rufewa ba shi ne wanda ake kawowa a ƙarshe ya yi inin ɗaya ba? Ya aka yi ya kai jifa 118?

Ɗan Fayetteville: Ƙanena, a manyan ƙwararru haka ne galibi, inin ɗaya ya tafi gida. A jami'a ba haka ba ne, balle Kopps na 2021. Duk shekarar daga bulfen yake fitowa, wato wajen da masu jifan ko-ta-kwana ke ɗumama hannu, amma sai ya yi inin biyu, uku, wani lokacin huɗu. Ya gama shekarar da ERA 0.90, wato a duk inin tara ko ci ɗaya cikakke ba a samu a kansa, ya ci Golden Spikes ya ci Dick Howser, kyaututtukan gwarzon shekara ke nan. Mako ɗaya kafin wasan da muke magana, a rijinal, ya yi inin 13 da ɗoriya cikin kwana huɗu ba a ci shi ko ɗaya ba, har da inin bakwai da ya yi wa Nebraska ranar Litinin. Wasan NC State ɗin ne kawai ya fara a shekarar.

Sabon Shiga: Na gode Yaya. To rijinal da supa rijinal fa?

Malamin Lissafi: A taƙaice, ƙungiya 64 ake ɗauka, a raba su gida 16, huɗu-huɗu, wanda ya faɗi sau biyu ya fita, shi ne rijinal. 16 ɗin da suka tsira a haɗa su bibbiyu, wanda ya fara cin wasa biyu cikin uku ya wuce, shi ne supa. Takwas su tafi Omaha, garin da ake gasar ƙarshe ta ɗaukar kofi. Abin da za ka riƙe shi ne wanda ya faɗi wasan farko a rijinal sai ya buga wasa biyar cikin kwana huɗu kafin ya fita da rai, alhali duk shekara an saba wasa uku a ƙarshen mako da masu farawa uku. Wasa na huɗu da na biyar ɗin nan su ke cinye hannun yara.

Anti Fiziyo: Alhamdu lillahi da aka kawo maganar hannu. Ɗan Fayetteville ƙanena, na san kana son yaron nan, nima ina son sa, amma ka tuna an taɓa yi masa tiyatar Tommy John, wato ta gyaran jijiyar gwiwar hannu, tun kafin shekarar, kuma ranar Asabar ma ya yi jifa kafin ya fara ranar Lahadi. Ni aikina ke nan, gwiwar hannu da kafaɗa. Akwai wata jijiya a cikin gwiwar hannu ta ɓangaren ciki, ita ke riƙe hannun lokacin da ya karkata baya kafin a saki ƙwallo, tsokar damtse ke taimaka mata ɗaukar nauyin, idan tsokar ta gaji nauyin sai ya koma kan jijiyar ita kaɗai. Yaro ba ya jin wannan a lokacin, jininsa ya hau, mutum dubu goma na kiran sunansa, in ka tambaye shi zai ce lafiya lau. Na taɓa duba wani yaro ɗan shekara 19 da kocinsa ya sa shi jifa kwana biyu a jere a wata gasa, ya zo min ba ya iya murɗa hannun ƙofa, mahaifiyarsa ce ke cire masa riga, yana zaune a kan gadon dubawa yana tambayata ko zai warke kafin kaka ta gaba. Ban manta fuskarsa ba.

Ɗan Fayetteville: Anti na ji, Allah ya ba shi lafiya. Amma Kopps ba yaro ɗan 19 ba ne, shekararsa ta shida ke nan a makarantar, yana da 24, ya san jikinsa. Kuma wannan ce damarsa ta zuwa Omaha.

Anti Fiziyo: Shi ya sa ba shi ya kamata a tambaya ba. Babu ɗan wasan da zai ce a cire shi. Aikin babba ne ya ce ya isa. Ka duba Kevin Abel na Oregon State a 2018, ɗan aji ɗaya, ya fito daga bulfen a wasa na biyu na ƙarshe, washegari ya fara wasa na uku ya yi inin tara cif, jifa 129, bugu biyu kacal aka samu a kansa, suka ci 5 da 0 suka ɗauki kofi. Shekara ta gaba tiyata. Ba zan rantse cewa daren nan ne ya jawo ba, jijiya a hankali take lalacewa, amma NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ba ta da doka kan adadin jifa ko kwanakin hutu, an bar komai a hannun koci, shi kuma kocin aikinsa na rataye da cin wasan.

Ɗan Fayetteville: Wannan wasan ma a kanmu aka yi shi Anti, Arkansas ce. Saura mutum ɗaya mu ɗauki kofi a wasa na biyu ƙwallo ta tashi sama ta faɗo tsakanin mutum uku a wajen layi. Kar ki tuna min.

Malamin Lissafi: Ni bari in ajiye maganar lafiya gefe, ba don ba ta da muhimmanci ba, in yi maganar cin wasa zalla, don ko ta nan ina ganin akwai gyara. Makamin Kopps guda ɗaya ne babba, jifan nan da shi yake kira kota wasu na cewa silaida ce, tana tahowa kamar fasbol, wato jifa mai gudu miƙe, sai dab da mai duka ta nutse ƙasa. Mai duka da ya gan ta sau ɗaya a mako ba ya iya komai da ita. Amma idan ka fara wasa, mutum tara ɗin nan za su gan ka sau uku, wasu sau huɗu, kowane zuwa idonsu na ƙara sabawa da inda take karyewa, kai kuma hannunka na ƙara nauyi, karyewar na raguwa. Abin da ke sa ɗan bulfen ya gagara shi ne ba a ganin sa da yawa. Ranar da ka mayar da shi mai farawa ka cire masa wannan rigar da hannunka.

Ɗan Fayetteville: Malam, inin takwas ya yi ci biyu kawai aka samu. Wace riga aka cire? Masu dukanmu ne suka kasa, mutanen da suka ci 21 ranar Juma'a suka zo suka ci 2 ranar Lahadi.

Malamin Lissafi: Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba, inin takwas ɗin nan aiki ne na a jinjina. Ni dai na tara nake magana.

Dogo Nashville: Malam ban yarda da kai ba kan maganar jifa ɗaya. Kumar Rocker na Vanderbilt fa? 2019, supa rijinal da Duke, Vanderbilt an ci su wasan farko, in suka sake faɗuwa sun tafi gida. Yaro ɗan aji ɗaya ya yi inin tara ba bugu ko ɗaya, ya fitar da mutum 19 da sitiraik, wato kowanne ya kasa dukan ƙwallo sau uku ya fita, kuma duk 19 ɗin da silaida ya gama da su. Kowa a filin ya san me ke zuwa idan aka kai sitiraik biyu, mai duka ya sani, mai sayar da ruwa ya sani, amma ba su taɓa ta ba. Idan jifanka na aiki ranar ka ci gaba da shi har sai sun nuna maka sun gane, ba ka canza don tsoron abin da bai faru ba.

Malamin Lissafi: Rocker na da fasbol mai gudun sama da mil 95 a awa, dole mai duka ya shirya mata tun kafin a saki, shi ya sa silaidar ke kashe shi. Ba jifa ɗaya ba ne, biyu ne, ɗaya na tsare wa ɗaya gida. Kuma jifa 131 ya yi ranar, Anti na ji.

Anti Fiziyo: Ina ji. Ina kuma tuna Quinn Mathews na Stanford, 156 a kan Texas a 2023.

Baffan Omaha: Ku bari in ba ku wanda na gani da idona, don ni tun ana yi a Rosenblatt, tsohon filin Omaha, nake zuwa, kafin a koma sabon filin cikin gari a 2011. Shekarar 2021 ɗin nan dai da kuke magana, wasan ƙarshe, Mississippi State da Vanderbilt. Will Bednar na Mississippi State ya fara da hutun kwana uku kacal, inin na farko hannunsa na rawa yana ta ba da tafiya kyauta, wato jifansa na kaucewa har mai duka ya wuce ba tare da ya yi duka ba, sai ya nutsu, ya yi inin shida ba a samu bugu ko ɗaya a kansa ba. Kun san me kocinsa Chris Lemonis ya yi? Ya cire shi. Yaro na kan hanyar kafa tarihi aka karɓi ƙwallo aka ba Landon Sims ya yi ukun ƙarshe, suka ci 9 da 0, bugu ɗaya tak Vanderbilt ta samu, kofin farko a tarihin makarantar. Abin da ya ba shi zuciyar yin haka shi ne yana da Sims a ajiye. Van Horn da ya waiga bulfen ranar nan, Kopps ɗin da zai kira shi ne ke kan tudu. Shi ya sa na ce maka ɗana, matsalar ba ta inin na tara ba ce, tun watan Afrilu aka shuka ta, duk wasan da ya yi tsanani sai a kira mutum ɗaya, sauran yaran ba su saba shiga wuta ba, ranar da aka buƙace su ba a yarda da su ba.

Ɗan Fayetteville: Baffa, da girmanka, Lemonis yana gaba da ci da yawa lokacin da ya cire Bednar, ba 2 da 2 ba. Cirewa na da sauƙi in kana da tazara. Kuma mun rasa Peyton Pallette da ciwo kafin a shiga gasar, da yana nan da lissafin ya canza.

Baffan Omaha: Na karɓi ta farkon, ka yi gaskiya. Ta biyun kuma ai ita nake faɗa, hannu ɗaya ya faɗi gida ya girgiza.

Sabon Shiga: Wata tambayar kuma don Allah. Wa ke zaɓar irin jifan da za a yi? Na ga mai jifa na duba wani abu a hannunsa kamar agogo kafin ya jefa.

Dogo Nashville: A yawancin jami'o'i koci ne daga benci, ba mai cafewa ba. Da can sai koci ya yi alama ko ya kira lambobi, mai cafewa ya duba takardar da ke ɗaure a hannunsa sannan ya nuna wa mai jifa da yatsu. Daga 2022 NCAA ta yarda da na'ura, koci ya danna, saƙon ya fito a hannun yaran. Ya rage satar alama, ya kuma rage ɓata lokaci tunda akwai agogon daƙiƙa 20. Ni dai abin ba ya min daɗi. Mai cafewa shi ke tsugune a bayan mai duka, yana ganin ƙafarsa ta matsa gaba ko baya, yana jin yadda ƙwallo ke faɗa masa cikin safar hannu, shi zai fara sanin silaida ta daina cizo tun kafin kowa ya lura. Koci na gefe da takardunsa yana kallo daga nesa. Ka ɗauki irin Adley Rutschman, tsohon mai cafewar Oregon State, a ce mai irin wannan kan sai an danna masa?

Malamin Lissafi: Rutschman nawa ke akwai Dogo? Ƙungiyoyi kusan 300 ne a rukunin farko. Kocin ya kwana yana kallon bidiyon kowane mai duka, ya san wanda ke bin ƙwallon ƙasa in an kai sitiraik biyu, ya san wanda ke kai duka a jifan farko, mai cafewa kuma ɗalibi ne da ke da jarrabawa ranar Litinin. John Savage, kocin UCLA, shi ke kiran jifansa, a 2013 ci huɗu kacal aka yi musu a wasa biyar a Omaha suka ɗauki kofi. Kuma ka ga yadda ya yi da David Berg, mai jifa ta gefe, ya fito sau 51 a shekarar ya rufe wasa 24, amma kaɗan-kaɗan, masu duka ba sa samun lokacin sabawa da inda hannunsa ke fitowa.

Anti Fiziyo: Sau 51 ma ba kaɗan ba ne Malam, ɗumama hannu a bulfen ma jifa ne, ba a rubuta shi a takarda kawai.

Bebejin Baton Rouge: Na shigo a makare, na karanta duka. Ku ba ni dama in kawo wasan da ya haɗa duk abin da kuke faɗa, LSU da Wake Forest a Omaha 2023, wanda ya ci ya je wasan ƙarshe. Paul Skenes na LSU inin takwas ba ci, Rhett Lowder na Wake inin bakwai ba ci, aka tafi har inin na 11 ba ko ɗaya. Kocin LSU Jay Johnson ya ba Thatcher Hurd ƙwallo bayan Skenes ya bar shi inin uku. Su kuma Wake, da Dylan Crews na LSU ya samu bugu a farkon na 11, sai kocinsu Tom Walter ya yi abin da kowane littafi ya ce a yi, ya kira mai rufewarsa Camden Minacci, sabon hannu, wanda ya fi yarda da shi. Jifan farko, silaida ta tsaya sama ba ta nutse ba, Tommy White na LSU ya aika ta bayan katangar hagu, 2 da 0, an gama. To ga wanda ya canza ya faɗi, ga Van Horn da bai canza ba ya faɗi. Ni abin da nake kallo shi ne jifan kansa, White mutum ne da kowa ya sani da kai duka da wuri, me ya sa za a ba shi abin da zai iya kaiwa a jifan farko?

Dogo Nashville: Ba zaɓin ne ya lalace ba, saki ne. Silaida a ƙasa can waje ita ce daidai ga mai saurin duka, in ta tafi inda aka nufa sai ya bi ta ya yi duka a iska. Ta tsaya sama ne kawai. Mutane na haɗa abu biyun nan, kiran da aka yi da kuma inda ƙwallon ta je.

Bebejin Baton Rouge: Haka ne, amma yaron da ya fito daga bulfen yanzu-yanzu jini na tafasa, jifan farko ka sa shi mai lanƙwasa? Hannu bai gama jin ƙwallon ba. Ni da fasbol zan fara, can waje, ko ta zama bol, wato ta kauce wa inda doka ta ce ta bi, ba komai.

Malamin Lissafi: Fasbol ga White a jifan farko? Ita yake jira ai.

Bebejin Baton Rouge: Na ce can waje Malam, ba tsakiya ba. Kuma ku lura da abin da ya biyo baya, don shi ne amsar Ɗan Fayetteville. Skenes ya yi jifa 120 ranar Alhamis ɗin nan, aka zo wasanni uku da Florida bai sake jifa ba. Ty Floyd ya fitar da 17 a na farko, a na biyu aka yi mana 24 da 4, wasan ya riga ya tafi ba a ƙona manyan hannaye a kansa ba, ranar Litinin Hurd ɗin nan dai ya fara ya yi inin shida muka ci 18 da 4. Hurd ya sha wahala a tsakiyar shekara amma ba a jefar da shi ba, aka ci gaba da ba shi ƙwallo, shi da Riley Cooper su suka ɗauke mu a Omaha.

Baffan Omaha: Yauwa. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. South Carolina ma a 2010 haka, Michael Roth da ake kawowa don mai duka ɗaya ko biyu na hagu, kocinsa Ray Tanner ya ba shi farawa a kan Clemson ya yi inin tara bugu uku. Ina filin ranar, shekarar ƙarshe ta Rosenblatt.

Ɗan Fayetteville: To Baffa ai Roth ɗan bulfen ne da aka mayar mai farawa ranar da ba kowa, daidai abin da aka yi da Kopps. Da Torres bai samu ƙwallon nan ba da yanzu tare kuke lissafa su.

Baffan Omaha: Da bambanci ɗana. Tanner ya fara da Roth ne Matt Price na zaune a bulfen yana jira. Bai taɓa mai rufewarsa ba.

Anti Fiziyo: Kuma kafin wani ya kawo min Austin Wood a matsayin jarumta, na riga ku. Texas da Boston College, 2009, inin 25, ya fito daga bulfen ya yi inin 13, jifa 169. Ana ba da labarin kamar abin alfahari, ni kuwa duk lokacin da na ji lambar nan kafaɗar yaron nake tunani. Ko a ce bayan jifa kaza dole hutun kwana kaza, kamar yadda ake yi wa 'yan sakandare, wannan kaɗai zai tilasta wa kowane koci ya gina hannu na biyar da na shida.

Dogo Nashville: In aka yi dokar nan ƙananan makarantu ne za su sha wuya Anti, manyan makarantun rukunin SEC, irin su Arkansas da LSU, na da hannu goma, ƙaramar makaranta mutum biyu gare ta, da su take zuwa rijinal ta ba da mamaki.

Anti Fiziyo: Na sani, kuma yana damuna. Amma mutum biyun nan ma 'ya'yan wasu ne.

Ɗan Fayetteville: Na ji ku duka, maganar Baffa ta shige ni, ta watan Afrilu, wannan kam ba ni da amsarta. Amma inin na tara ban sauka ba. Bayan wasan nan Kopps bai shige ciki ba, ya tsaya a bakin shinge ya daɗe yana sa wa yara hannu a ƙwallo da hula, idonsa jajur, ina tsaye ban fi taku goma da shi ba. Malam in kana da bidiyon inin na bakwai da na takwas ka turo, ina so mu ƙirga kota nawa ya jefa da inda kowace ta faɗi, mu gani ko da gaske ta daina nutsewa kafin Torres ya zo.

Malamin Lissafi: Ina da shi. Bari in dawo daga masallaci in yanko wuraren, zan sa daga zuwan Torres na uku don a kwatanta da na ƙarshe.